Wa zan gaya wa, kuma yaya zan yi da bakin mutane?

Assalamu alaikum ƙanwata. Na karanta tambayarki. Kin ce likita ya tabbatar miki cewa lalurar baifola ce ke damunki, an ɗora ki a kan magani, yanzu kuma kin rasa wanda za ki gaya wa. Ga mai neman aurenki, ga wurin aiki, ga 'yan'uwa waɗanda kin riga kin san bakinsu. Kin kuma ce kullum a gabanki ake hirar masu taɓin hankali ana shewa, ke kuwa sai dai ki yi murmushin yaƙe.

Ni ba likita ba ce. 'Yar'uwa ce da ta riga ki shiga wannan layin, domin tun ina makaranta abin ya fara mini, ko da yake sai bayan na yi aure aka gano ko mene ne. Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne, zagin da kike tsoro yana da ciwo, amma ba shi ya fi wahalar da ni ba. Maganganun da suka fi yi mini illa daga bakin masu ƙaunata suka fito, kuma duk da kyakkyawar niyya aka faɗe su. Su nake so ki shirya wa tun yanzu.

Da farko ki iya bayyana lalurar da bakinki, domin duk wanda kika gaya wa sai ya tambaya. Yawancin mutane sun ɗauka baifola ita ce mutum ya yi dariya da safe ya yi kuka da yamma. Wannan halin ɗan Adam ne kawai. Ita lalurar zango-zango take zuwa, kowane zango ya ɗauki kwanaki ko makonni, wani lokaci har watanni. Akwai zangon hauhawa: barci ya ragu amma ba ki jin gajiya, magana ta yi yawa har a kasa katse ki, tunani ya riƙa tsere, ki ji babu abin da ya fi ƙarfinki, kuɗi su riƙa zubewa ba lissafi, ko fushi ya riƙa taso miki a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan ya kai mako guda, ko ya kai mutum ga kwanciya a asibiti, likitoci na lissafa shi a matsayin cikakke. Akwai kuma ƙaraminsa, wanda bai hana mutum harkokinsa ba, shi kwana 4 sun isa a lissafa shi. Sai zangon faɗuwa, wato matsananciyar damuwa ta aƙalla mako 2, wadda ko wanka sai ya zame miki aiki. A tsakaninsu mutum na nan garau, wani har shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma galibi tana fara bayyana ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai.

To, magana ta farko mai cutarwa ita ce yabo. Ƙaramin hauhawar nan mayaudari ne. A irin lokacin ne nake tashi cikin dare in zazzage kayan ɗaki in sake jera su, in cika littafi da tsarin sana'o'in da zan buɗe, in tura wa mutanen da na daɗe ban nema ba dogayen saƙonni, gari na wayewa in tafi aiki fes, ko hamma babu. Me kike zaton ake ce mini? "Masha Allah, kin dawo da kuzarinki." "Ai haka muke son ganinki." Wata shugabata ta taɓa ƙara mini aiki a irin wannan makon, tana yabona a gaban kowa, ni kuma ƙafata sai kaɗawa take a ƙarƙashin tebur don ba na iya zama wuri ɗaya. Ba mugunta ta yi ba, abin da ta gani shi ta yaba. Amma wanda ciwonsa ke tashi ana tafa masa, yaushe zai yarda ciwo ne? Wannan ma na daga cikin dalilan da ke sa a daɗe ba a gano lalurar ba. Ba wanda ke zuwa asibiti don ya ce yana jin daɗi fiye da kima. Sai faɗuwa ta zo ake zuwa, likita ya ga damuwa kawai, ya ba da maganin damuwa shi kaɗai, alhali ga mai baifola irin wannan maganin in ba a haɗa shi da maganin da ke daidaita hauhawa da faɗuwar ba yana iya tunzura hauhawar. Saboda haka duk likitan da kika gani, ki ba shi labarin ɓangarorin biyu, har da wanda kike jin kunyarsa.

Magana ta biyu za ki fara jin ta da zarar kin samu sauƙi: "Ai kin warke, me kuma za ki yi da magani?" Za ta zo miki da riguna iri-iri. Wani ya ce kar jikinki ya saba. Wata ta ce tana ganin ƙibar nan ta ƙwayoyin ce. Wani ya ce ƙoda za ta lalace. Abin da ke sa maganar ta shiga rai shi ne akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Wasu magungunan, irin su olanzapine da quetiapine, suna sa ƙiba kuma suna iya taɓa sukarin jini. Litiyam kuwa yana iya shafar ƙoda da ƙwayar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod, shi ya sa ake ɗibar jini duk bayan wata uku zuwa shida ana dubawa. Amma maganin wannan duka shi ne gwaji da komawa wurin likita ya rage ko ya canza. Akwai wata baiwar Allah da muka daɗe muna haɗuwa a layin ganin likita, mai fara'a, kullum da saƙa a hannunta. Sai na daina ganinta. Da ta dawo, yayarta ce ke riƙe da ita, ta rame, ba ta ko ɗaga ido. Yayar ce ta gaya mini, tana share hawaye, cewa su ne suka taru suka ce ta ajiye maganin tun da ta yi lafiya. Litiyam musamman ba a yanke shi farat ɗaya, domin yin hakan na dawo da ciwon da sauri, sau da yawa ma da ƙarfi. Lafiyar da suka gani, maganin ne ke riƙe da ita.

Ta ukun ita ce wadda zan fi daɗewa a kanta, don ita ce ke shiga tsakanin mutum da na kusa da shi: "Kin sha maganinki kuwa?"

Ranar da mutane suka san kina da wannan lalurar, kina iya wayar gari kin rasa 'yancin yin fushi. An yi miki ba daidai ba, kin yi magana, sai a kalli juna a ce ciwon ne ya motsa. Kin yi farin ciki kin ɗaga murya, sai a fara sa miki ido. Kin yi shiru kina tunanin abin duniya kamar kowa, a ce ta fara. Likitoci na son su ce a ɗauki abin kamar ciwon suga, a sha magani a ci gaba da rayuwa. Na fahimci nufinsu, amma ban cika gamsuwa ba, domin ban taɓa jin an tambayi mai ciwon suga ko ɓacin ransa na gaske ne ba.

Wata rana muna cikin saɓani da maigidana a kan wani alƙawari da ya yi bai cika ba. Hujjata a fili take, shi ma ya sani. Ina tsakiyar magana sai ya sassauta murya, irin sassautawar da ake yi wa marar lafiya, ya ce, "Yau kin sha maganinki kuwa?" Na sha. A gabansa ma na sha. Amma daga wannan tambayar zancen alƙawari ya mutu, aka koma zancen ƙwaƙwalwata. In na ci gaba da faɗa na tabbatar masa da zarginsa, in na yi shiru ya ci bulus. Wallahi ƙanwata, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, don zagi ana iya rama shi.

Sai dai dole in yi masa adalci, kuma ke ma ki yi wa naki. Mutumin nan ya ga abin da ni kaina ban gama tunawa ba. Shi ya kwana zaune lokacin da na kasa barci, shi ya bi mutane yana ba da haƙuri a kan maganganun da na faɗa, shi ya ɗauki nauyin abin da na kashe. Wanda ya ga haka, in ya ji muryarki ta ɗaga dole gabansa ya faɗi. Wani lokacin kuma gaskiyarsa ce, ciwon ne ke tahowa, ni ce ban gani ba, domin hauhawa na fara ɗauke wa mutum ikon gane cewa ba shi da lafiya. Don haka ba zai yiwu in ce kar ya taɓa tambaya ba. Abin da muka yi shi ne, a lokacin da nake lafiya lau muka zauna da takarda muka rubuta alamomina, nawa na kaina, ba na littafi ba. Barci ya ragu dare bayan dare kuma ban nemi ramawa ba. Na fara sayayyar abin da ba ma buƙata. Ina katse mutane a magana. Ina ɗaukar sababbin ayyuka kafin in gama na hannu. In ya ga waɗannan, yana da damar ya faɗa, ni kuma na yi alƙawarin mu kira likita ba tare da gardama ba. Amma a tsakiyar saɓani ba shi da damar kawo zancen magani. A gama maganar da ake yi tukuna. In har yana da shakka, ya bari zuwa gobe ya tambaye ni yadda na yi barci. Barci ne ma'auninmu, don ba ya ƙarya, kuma rashinsa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da hauhawa. Wannan takardar ta gyara mana zama fiye da duk wata nasiha da aka taɓa yi mana.

A lokacin faɗuwa kuma maganar da za ki ji ita ce, "Ki daure mana." "Me kika rasa a rayuwa?" "Ki ƙara addu'a." Ina addu'a, kuma ba zan bari ba. Amma ki lura da abin da ke ɓoye a cikin maganar: wai da imaninki ya cika da ba ki kwanta ba. Mutum yana kwance yana ganin kansa ba shi da amfani, sai a ƙara masa da cewa tsakaninsa da Ubangijinsa ma akwai gyara. Za a samu masu cewa aljanu ne, ko hannu aka sa miki. Na daina jayayya da su. Nakan ce na gode, a taya ni da addu'a, magani kuma ina sha. Sharaɗina ɗaya ne: duk mai taimakon da zai ce sai na ajiye maganin asibiti, ko a ɗaure ni, ko a dake ni, to ba da ni ba.

Masu cewa ciwon zamani ne, ko na waɗanda hutu ya yi wa yawa, su kam amsarsu gajera ce. Tun a 1854 wani likita a birnin Paris na Faransa, Jean-Pierre Falret, ya bayyana wannan ciwo mai zagayawa tsakanin hauhawa da faɗuwa. A 1899 Emil Kraepelin na Jamus ya ware shi daga sauran manyan lalurorin ƙwaƙwalwa. Litiyam ɗin da da yawanmu ke sha, likitan Ostareliya John Cade ne ya nuna amfaninsa a 1949. Ciwon ya girmi kakannin masu maganar.

Game da hirar da ake yi a gabanki ana dariya, ba dole ba ne ki zama lauyar masu taɓin hankali a kowane zama. Wata rana nakan ce, "Ku bari mana, ba ku san wa ke da marar lafiya a gida ba," kuma abin mamaki, sau da yawa bayan an watse sai wani ya biyo ni ya ce ƙaninsa ne, ko mahaifiyarsa. Wata rana kuma ba ni da ƙarfin hakan, sai in tashi in ba su wuri. Duka biyun daidai ne.

Yanzu tambayarki ta wa za ki gaya wa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, saboda haka babu gaggawa. Ciwonki sirrinki ne, ɓoye shi ga wanda bai shafa ba ba ƙarya ba ce. Ni ma'aunina shi ne: me nake so wannan mutumin ya yi da labarin? In babu aikin da zan ba shi, ba ya buƙatar sani. A cikin dangi ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙe magana, waɗanda ba sa rikicewa, ki ba su aiki takamaimai: wannan ta san sunan maganinki da likitanki, wancan shi za a kira in abu ya taso. Sauran dangi, "ina ganin likita, da sauƙi" ta ishe su.

A wurin aiki ban ga dalilin bayyana sunan ciwon ba sai in dole. Abin da kike buƙata shi za ki nema: izinin zuwa asibiti, da kuma a ɗauke miki aikin dare ko canjin lokutan aiki da ke hargitsa barci. Takardar likita na iya cewa kina da lalurar da ke buƙatar haka ba tare da dogon bayani ba. Na ga waɗanda suka faɗa aka riƙe su da mutunci, na kuma ga waɗanda daga ranar aka daina ba su aiki mai nauyi, ana cewa tausayi ne. Ke kika san mutanen da kike aiki da su.

Mai neman aurenki kuwa hukuncinsa daban. Shi dole ya sani, kuma kafin aure, daga bakinki. Ba a haɗuwar farko ba, amma da zarar magana ta yi ƙarfi. Na san tsoronki, kar ya gudu. Yana iya gudu, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma shi ne mutumin da zai ga ƙwayoyin a gefen gado, shi zai fara lura barcinki ya canza, kuma in ya ji daga baya a bakin wani, ba ciwon zai riƙe ba, ɓoyewar zai riƙe. Ki gaya masa a lokacin da kike cikin natsuwa, ki faɗi abin da ya faru da ke a taƙaice, da abin da kike yi a kai, sannan ki nemi ya raka ki wurin likita ya yi tambayoyinsa da kansa. Ki kuma saurari irin tambayoyin. Wanda ya ce "me zan yi in ya tashi?" daban yake da wanda ya ce "kar dai kowa ya ji." Zai tambayi zancen 'ya'ya. Gaskiya ne lalurar na bin jini, kuma ɗan mai baifola ya fi sauran yara yiwuwar samu, amma mafi yawan 'ya'yan masu ita ba sa samu.

Akwai abin da ba a son faɗa, ni zan faɗa. Wannan lalurar na zuwa da tunanin kashe kai, musamman a lokacin faɗuwa, ko lokacin da faɗuwa ta haɗu da rashin natsuwa. In ya zo miki, ba alamar lalacewarki ba ce, alamar ciwo ce, kuma ta gaggawa. A cikin mutanen da kika zaɓa, a samu wanda kika yi wa alƙawari tun yanzu cewa za ki gaya masa a ranar, shi kuma ya kai ki asibiti a ranar, ya kuma karɓi ajiyar magungunanki har abin ya lafa. Ki gaya masa tun yanzu cewa ba wa'azi za ki buƙata a lokacin ba, zama kusa da ke za ki buƙata. Litiyam ma na daga cikin magungunan da aka tabbatar suna rage wannan haɗarin, wanda ƙarin dalili ne na kar a yi wasa da shi.

Ba ki faɗi maganin da aka ba ki ba, don haka ki duba kwalin. In litiyam ne, tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da wanda ke cutarwa ƙarama ce. Ana ɗibar jinin gwajinsa ne kimanin awa 12 bayan shan na ƙarshe. Ki riƙa shan ruwa sosai, kuma kar ki sha magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba da sanin likita ba, don suna sa ya taru a jini. 'Yar rawar hannu kaɗan abu ne da aka saba gani, ni ma ina da ita, takan fito in zan sa hannu a takarda. Amma in rawar ta yi tsanani, ga amai ko gudawa, ga tangaɗi a tafiya ko harshe ya yi nauyi, asibiti za ki nufa nan take.

In kuma kika ga an rubuta valproate, to tun da zancen aure ake yi, wannan ita ce tambayar farko da za ki kai wa likita. Maganin na da haɗari ga ɗan tayi: kusan 1 cikin 10 na jariran da aka yi cikinsu ana shan sa na zuwa da tawaya, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 na samun matsalar bunƙasar ƙwaƙwalwa da koyo. Shi ya sa tun 2018 Birtaniya ta hana ba wa macen da za ta iya ɗaukar ciki shi sai da tsari na musamman na hana ɗaukar cikin. Kar ki daina da kanki, ki je a canza miki a hankali tun kafin ciki ya shiga. Ki kuma sa a ranki cewa makonnin farko bayan haihuwa na cikin lokutan da ciwon ya fi saurin tashi, ga sauyin jiki ga rashin barci. Saboda haka tun kina da ciki za a tsara da likita maganin da za ki sha da zancen shayarwa, a kuma san wanda zai riƙa karɓar jaririn da dare don ki samu barci. Wannan ma ki sa shi cikin abin da za ku tattauna da mai neman naki ranar da ya raka ki asibiti.